Muhawara: Shin John Henslow ya yi asarar iliminsa da ya bar jami'a ya koma ƙauye?

Malam Habu:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman izinin manyanmu da ke wannan zaure in gabatar da maganar wani malami wanda ba a cika jin sunansa ba sai idan ana ba da tarihin ɗalibinsa, wato John Stevens Henslow, masanin tsirrai na ƙasar Ingila da ya koyar da Charles Darwin, shahararren masanin halittu. An haife shi a garin Rochester a 1796, ya kammala karatu a Jami'ar Kambirij a 1818, kuma da farko hankalinsa ya fi karkata ga duwatsu, har ya bi Farfesa Adam Sedgwick yawon bincike zuwa tsibirin Wight a 1819. A 1822, yana da shekara 26, aka naɗa shi farfesan ma'adinai, ya zama limamin coci a 1824, sannan a 1825 aka ba shi kujerar ilimin tsirrai, wadda ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa.

Kujerar da ya gada kusan matacciya ce, domin wanda ya gabace shi, Thomas Martyn, ya riƙe ta fiye da shekara 60, kuma ya daɗe da daina shiga aji. Henslow ya zo da wani salo dabam. Yana shigo da ɗanyun tsirrai cikin aji ya raba wa ɗalibai kowa ya feɗe nasa da hannunsa, yana rataya manyan zane-zane a bango, yana fita da su fadamu da dazuzzukan da ke kewaye da gari, sannan duk daren Juma'a ƙofar gidansa a buɗe take ga malamai da ɗalibai su zo a tattauna ilimi. A irin wannan zama ne Darwin ya shaƙu da shi, har malaman jami'ar suka riƙa kiran yaron da mutumin nan mai yawo da Henslow.

To, a 1837 aka ba shi limancin wani ƙauye mai suna Hitcham a yankin Suffolk, a 1839 kuma ya kwashe iyalinsa ya tare a can, ba ya zuwa Kambirij sai lokacin da zai gabatar da laccocinsa na shekara. A ƙauyen ya rasu ranar 16 ga Mayu, 1861. Tambayata ga 'yan'uwa ita ce, wannan ƙaura asara ce ga ilimi ko riba? Ni dai ra'ayina shi ne shekarun nan 22 na Hitcham su ne mafi girman aikinsa, sun ma fi koyar da Darwin, kuma ina so in ji ta bakin masu ganin akasin haka.

Dakta Lawal:
Wa alaikumus salam, Malam Habu. Allah ya saka da alheri da wannan batu, amma ina daga cikin masu ganin akasin haka, kuma zan faɗi dalilina ba tare da rage wa mutumin daraja ba. Henslow ya riƙe kujerar farfesa shekara 36, amma fiye da rabin wannan lokaci ba ya zaune a garin da kujerar take. Malamin jami'a ba lacca kaɗai ake buƙata daga wurinsa ba, ana buƙatar ɗalibi ya same shi idan ya ƙwanƙwasa ƙofa, kuma kai da kanka ka nuna cewa abin da ya gina Darwin shi ne zaman daren Juma'a da yawon daji. Da ya tafi Hitcham wannan duka ya yanke, kuma ɗaliban da suka zo bayan 1839 ba su sami abin da Darwin ya samu ba.

Abu na biyu ya fi damuna. Duk tsawon tafiyar binciken da Darwin ya yi a jirgin ruwan Beagle, daga Disamba 1831 zuwa Oktoba 1836, Henslow ne Darwin yake aiko wa akwatunan abubuwan da ya tattara, kuma bayan dawowarsa tsirran suka zauna a hannunsa domin ya tantance su ya bayyana wa duniya. Abin da ya fitar kaɗan ne, kamar bayanin wani tsiro mai ƙaya da ake kira cactus na tsibiran Galapagos da ke tekun Pasifik a 1837 da tsirran tsibiran Keeling a 1838. Sauran suka yi ta jira shekara da shekaru, sai da aka miƙa su ga masanin tsirrai Joseph Hooker, wanda ya fitar da cikakken bayanin tsirran Galapagos a 1847. Amana ce aka ba shi ta ilimi, hidimar ƙauye ta hana shi sauke ta a kan kari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin duk wanda ya san wahalar tattara samfuri.

Malama Hadiza:
Sallama ga kowa. Dakta, kafin a shiga hukunci ina ganin ya kamata a fahimci irin binciken da Henslow yake yi tun asali, domin mutane da yawa suna ɗaukarsa malamin aji kawai mai kyakkyawan hali. Yana da tambaya guda da ya daɗe yana bi, wato ina iyakar jinsi take a cikin tsirrai, yaushe ne bambancin da ke tsakanin tsiro biyu yake nuna jinsi biyu ne, yaushe ne kuma yake nuna jinsi ɗaya ne da ƙasa ko ruwa ko inuwa suka sauya wa kama.

Hanyar da ya bi tana da ban sha'awa. Al'adar masu adana busassun tsirrai ita ce a zaɓi tsiro ɗaya mai kyau a manna a takarda a matsayin wakilin jinsinsa. Shi kuwa sai ya riƙa jera tsirrai da yawa na jinsi ɗaya a takarda guda, daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma, ko daga mai faffaɗan ganye zuwa mai siriri, kowanne da sunan wurin da aka samo shi da ranar da aka tsinko shi da sunan wanda ya tsinko. Duk ɗalibin da ya dubi irin wannan takarda, abin da zai fara shiga idonsa shi ne bambanci a cikin jinsi ɗaya. Dubban waɗannan takardu suna nan a ma'ajiyar tsirrai ta Jami'ar Kambirij, kuma a 2005 David Kohn da John Parker da abokan aikinsu suka fitar da nazari a kansu a mujallar Nature, inda suka nuna cewa wannan tarbiyya ce Darwin ya tafi da ita teku.

Akwai shaida mai ƙarfi a kan haka. Da Darwin ya isa Galapagos a 1835, tsirran da ya tattara ya rubuta tsibirin da kowanne ya fito, kamar yadda malaminsa ya saba masa. Amma ƙananan tsuntsayen nan da aka fi danganta sunansa da su a yau, bai kula ya rarrabe su tsibiri-tsibiri ba, sai da ya koma gida ya nemi taimakon abin da wasu mutanen jirgin suka tattara. Wato a fannin da Henslow ya horar da shi ne aikinsa ya fi tsafta. Har a sabon lambun tsirrai na jami'ar, wanda Henslow ya yi ta fafutuka aka sayi filinsa mai eka 40 a 1831, aka kuma buɗe shi a 1846, an shuka itatuwa 'yan jinsi ɗaya masu kama dabam-dabam kusa da juna domin mai wucewa ya ga wannan darasi da idonsa.

Dakta Lawal:
Malama, na gode ƙwarai, kuma duk abin da kika kawo gaskiya ne, sai dai ina ganin hujja ce a gare ni. Wannan aiki na jera tsirrai, da jerin sunayen tsirran Birtaniya da ya buga a 1829, da littafinsa na koyar da ilimin tsirrai na tsakiyar shekarun 1830, duk kafin ƙaura aka yi su. Mutumin da ya riga mafi yawan tsararrakinsa gane muhimmancin bambanci a cikin jinsi, yana da shekara 43 kacal lokacin da ya tare a Hitcham, lokacin da masani yake kan ganiyarsa. Ina tambayar kaina abin da zai iya ganowa da ya ci gaba da wannan bincike shekara 20.

Baba Isiyaku:
Assalamu alaikum, 'ya'yana. Ni tsohon malamin gona ne, don haka ta ɓangaren noma zan shigo. Dakta, ka ce bincikensa ya tsaya da ya koma ƙauye, ni kuwa ina ganin fuska ya sauya. A 1843, yana gaɓar teku a garin Felixstowe na yankin Suffolk, ya lura da wasu dunƙulallun duwatsu masu duhu a cikin ƙasar wurin, ya gane cewa suna ɗauke da sinadarin fosfet mai yawa. A daidai lokacin ne John Bennet Lawes ya yi rajistar hanyarsa ta zuba wa ƙashi ruwan asid domin fosfet ɗin da ke ciki ya narke yadda saiwar shuka za ta iya sha, a 1842 ke nan. Matsalar ita ce ƙashi ba ya isa. Henslow ya nuna cewa waɗannan duwatsu za su iya maye gurbin ƙashi, bayan shekara biyu kuma ya ja hankali ga irinsu a ƙasar Kambirij. Daga nan aka shiga haƙa, masana'antun taki suka tashi a Ipswich da kewaye, dubban leburori suka sami aiki, masu filaye suka yi arziki, shi kuwa bai karɓi ko kwabo ba. Takin supa da manomanmu suke zuba wa gyaɗa da wake daga wannan sana'a ya samo asali, kuma irin wannan dutsen fosfet ne ake samu a yankin Tawa a Nijar da kuma Sakkwato.

Wanda bai zauna cikin manoma ba, da wuya idonsa ya ga taki a jikin dutse. Masanin duwatsu da ke zaune a jami'a zai ga abin tarihi ne ya kai gidan ajiya. Henslow ya riga ya yi shekaru yana jin kukan manoman Suffolk, har ya rubuta musu jerin wasiƙu a jarida a 1843 yana roƙonsu su riƙa gwaji a gonakinsu, su raba fili, wani sashe a sa taki wani a bari, a auna amfanin kowanne a rubuta. Wannan shi ne ainihin aikin da muka yi ta fama da shi a gonakin gwaji, kuma yana kiran manoma gare shi tun kafin a san wani abu wai shi malamin gona.

Sannan akwai maganar filaye. Yawancin mutanen Hitcham 'yan ƙodago ne a gonakin wasu, ba su da ko taƙi guda nasu. Henslow ya yi tsaye sai da aka yanka musu ƙananan filaye na haya, kowa ya noma abin da zai ci da iyalinsa. Manyan manoman ƙauyen suka tayar da ƙayar baya, domin sun san leburan da ke da abinci a gida ba zai karɓi kowane irin lada ba, har suka yi barazanar daina ɗaukar duk wanda ya karɓi fili. Bai ja da baya ba, kuma a ƙarshe tsarin ya zauna, aka kafa ƙungiyar masu lambu, ana gasar amfanin gona da ta huɗa, ana ba da kyauta. Mutumin da ya yi wannan rigima da masu ƙarfin garinsa saboda talakawa, ba hutu ya je yi ƙauye ba.

Malam Habu:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Bari in ɗora da maganar makaranta, domin ita ce ta sa na ɗauko batun tun farko. Lokacin da ya isa Hitcham yawancin mutanen ba su iya karatu da rubutu ba. Ya tara kuɗi, ya zuba nasa, aka kafa makarantar ƙauyen a 1841, kuma daga baya ya ware yammacin kowace Litinin yana koyar da manyan yara ilimin tsirrai da kansa. Ba dole ba ne shiga wannan aji, wanda yake so ne yake zuwa, amma sai ya iya rubuta wasu kalmomin fannin masu wuya daidai kafin a karɓe shi. Wato bai sassauta ilimin ba don yaran 'ya'yan leburori ne, kuma 'yan mata suna cikin waɗanda suka fi ƙwazo.

Yadda darasin yake shi ne kowane yaro ya tsinko fure a hanyarsa ta zuwa, a ba shi takarda mai gurabe, ya feɗe furen, ya ƙirga sassansa ɗaya bayan ɗaya tun daga ganyayyakin waje har zuwa mahaifar iri, ya rubuta adadin kowanne, ya duba ko a haɗe suke ko a rabe, sannan daga abin da ya rubuta ya gano dangin da tsiron yake ciki. Malami ba ya gaya masa amsa, furen da ke hannunsa ne yake gaya masa. Wannan ita ce hanyar da ya koyar da 'ya'yan masu hali a Kambirij, ita ce kuma ya kawo wa 'ya'yan talakawa ba tare da ya rage komai ba, kuma yaran suka nuna cewa za su iya.

Labarin ya kai ga masu duba makarantu, ya kai ga fadar sarauta, har a 1860 Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, ya gayyace shi ya koyar da 'ya'yansu ilimin tsirrai. Bayan haka yana shirya wa mutanen ƙauyen tafiye-tafiye a jirgin ƙasa, ya kai su Ipswich da Kambirij, ya kai wasu babban baje kolin Landan na 1851, mutanen da da yawansu ba su taɓa yin nisa da garinsu ba. A 1850 aka zaɓe shi shugaban gidan adana kayan halitta na Ipswich, ya tsara shi yadda ma'aikaci marar digiri zai shiga ya fita da ilimi.

Dakta, ni malamin sakandare ne, kuma ina ganin ɗalibai da suke iya zana sassan fure daga littafi su ci jarrabawa, amma idan aka miƙa musu furen kuɓewa ko na rama daga bayan ajinsu ba za su iya nuna sashe ɗaya ba. Abin da Henslow ya warware ke nan tun a tsakiyar ƙarni na 19, ba da na'ura ba, da fure da allura da takarda. Shi ya sa nake cewa wannan ne babban gadonsa. Darwin mutum ɗaya ne mai baiwa, wataƙila da ya sami hanyarsa ko ta wani malami. Yarinyar Hitcham kuwa ba ta da wani Henslow in ba wannan ba.

Nasiru:
Assalamu alaikum, iyayena da malamaina. Ni ɗalibi ne a jami'a, ina neman a yi mini haƙuri in yi tambaya a kan abin da ya tsaya mini a rai. An ce Henslow limamin coci ne mai riƙo da addininsa, kuma shi ne ya buɗe wa Darwin hanyar tafiyar da ta kai shi ga ra'ayinsa game da asalin jinsunan halittu. Shin ya yarda da ra'ayin ɗalibin nasa? Idan bai yarda ba, yaya dangantakarsu ta kasance bayan fitar littafin da Darwin ya rubuta a kan wannan ra'ayi?

Malama Hadiza:
Ƙanena Nasiru, tambayarka tana kan hanya. Gaskiya ne shi ya buɗe ƙofar. Da aka nemi wanda zai raka Kyaftin Robert FitzRoy, shugaban jirgin Beagle, an fara tuntuɓar surukin Henslow, Leonard Jenyns, wanda ya ƙi saboda aikin cocinsa, shi kansa Henslow ya so tafiya amma ya fasa saboda iyalinsa, sai ya rubuta wa Darwin wasiƙa ranar 24 ga Agusta, 1831, yana gaya masa cewa ya ba da sunansa, ba don ya gama zama masani ba, sai don ya isa ya tattara, ya lura, ya rubuta. Darwin yana da shekara 22 a lokacin. Kuma tun yana teku, Henslow ya tsamo wasu sassa na wasiƙunsa ya buga su a 1835 ya raba wa masana, ta yadda yaron ya dawo gida ya tarar an riga an san sunansa.

Game da aƙida, Henslow ya yi nazarin bambanci ne yana mai imani cewa jinsuna halittattu ne masu iyaka, burinsa ya gano inda iyakar take. Da littafin Darwin ya fito a Nuwamba 1859, bai karɓi ra'ayin gaba ɗaya ba, yana ganin ɗalibin nasa ya kai hasashensa nesa fiye da inda hujja ta tsaya. Amma a Mayu 1860, da tsohon abokinsa Sedgwick ya yi wa Darwin kaca-kaca a taron ƙungiyar masana ta Kambirij, Henslow ne ya miƙe ya kare shi, ya nuna cewa mutum ne mai gaskiya da ke neman sanin yadda halitta take aiki, kuma yana da haƙƙin a saurari hujjarsa. A watan da ya biyo baya, ranar 30 ga Yuni, shi ne ya shugabanci zaman nan na Oksfod inda Bishop Samuel Wilberforce da Thomas Huxley da Hooker suka yi musayar kalamai a kan batun. Bai bar imaninsa ba, bai kuma yanke hulɗa da ɗalibinsa ba har ya rasu.

Malam Habu:
Ina so in ƙara wa Nasiru abu ɗaya da Darwin da kansa ya ba da labari. Wata rana yana ɗalibi ya duba ƙwayoyin garin fure a wuri mai danshi, ya ga wani siririn bututu yana fitowa daga jikinsu, ya ruga wurin Henslow yana zaton ya gano sabon abu. Abin kuwa sananne ne ga duk masanin tsirrai. Henslow bai yi masa dariya ba, ya nuna masa cewa abin yana da ban sha'awa ƙwarai, ya bayyana masa ma'anarsa, ya kuma fahimtar da shi a hankali cewa an daɗe da sani, har yaron ya fita ba tare da jin kunya ba. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san yadda kalma ɗaya a irin wannan lokaci take iya kashe sha'awar yaro har abada. Kuma wannan sauƙin hali bai hana shi tsayawa kan gaskiya ba, domin a 1835 shi ne ya yarda aka sa sunansa a ƙarar masu sayen ƙuri'a a zaɓen Kambirij, abin da ya jawo masa zagi har aka rubuta a bangon wata kwaleji.

Dakta Lawal:
Ban taɓa shakkar halinsa ba, Malam Habu, kuma bayanin Baba a kan fosfet ya nuna cewa idonsa na bincike bai rufe ba a ƙauye. Inda nake tsaye har yanzu shi ne batun riƙe kujera biyu. Limancin Hitcham yana kawo kimanin fam 1,000 a shekara, kuɗi mai yawa a wancan zamani, kuma mai iyali ba za a zarge shi don ya karɓa ba. Amma da ya ga cewa zuciyarsa da lokacinsa sun koma can, abin da ya fi dacewa shi ne ya sauka daga kujerar farfesa a ba wanda zai zauna a Kambirij. Charles Babington, ɗalibinsa ne kuma masanin tsirrai ne na gaske, yana zaune a garin duk tsawon wannan lokaci, amma bai hau kujerar ba sai 1861 bayan rasuwar malaminsa. Mutumin da ya gaji kujerar da rashin zaman mai ita ya kashe, ya fi kowa sanin illar hakan. Ana iya yaba aikin Hitcham a kuma ce an tauye Kambirij, maganganun biyu ba sa karo da juna.

Baba Isiyaku:
Dakta, maganarka tana da nauyi, kuma ban ga laifin a faɗe ta ba. Sai dai a yi masa adalci ta wani ɓangaren. Bai yi irin na Martyn ba, domin kowace shekara yana zuwa ya gabatar da laccocinsa. An buɗe sabon lambun jami'ar yana shekara 7 da tarewa a Hitcham, wato bai saki wannan fafutuka ba, kuma yana cikin waɗanda suka matsa har jami'ar ta fara jarrabawar digiri a kimiyyar halitta a 1851, abin da babu shi lokacin da Darwin yake ɗalibi. Tsirran Galapagos kuma da ka ambata, hannun da suka faɗa ba baƙo ba ne, domin Hooker ya auri 'yarsa Frances a 1851, daga baya ya zama shugaban lambun tsirrai na Kew da ke Landan a 1865. Jinkirin dai an yi shi, wannan ba a musu.

Malama Hadiza:
Ina tare da Dakta a kan batun kujera, ina kuma tare da Malam Habu a kan cewa ajin Litinin aikin ilimi ne cikakke. Abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa Darwin zai sami hanyarsa ko ba Henslow. Ya riga ya bar karatun likita a Edinbara, mahaifinsa ya tura shi Kambirij ne domin ya zama limamin ƙauye, kuma ko tafiyarsa da Sedgwick zuwa arewacin Wales a Agusta 1831, inda ya koyi karanta shimfiɗar duwatsu, Henslow ne ya haɗa ta. Malam Habu, ina roƙon ka turo mana tsarin takardar nan mai gurabe yadda kake ganin za ta dace da furannin da ke kusa da makarantunmu, domin ina so in gwada ta da ɗalibaina mata idan damina ta sauka.

Malam Habu:
In sha Allahu zan turo, Malama. Shawarata ita ce a fara da furen kuɓewa da na rama da na auduga, saboda manya ne, yaro zai iya feɗe su da allura ba tare da gilashin ƙara girma ba, kuma ukun dangi ɗaya ne, don haka idan yara suka cika takardunsu suka jera su za su ga kamannin da kansu kafin a gaya musu. Bayan nan sai a kawo furen wake da na gyaɗa, waɗanda su ma dangin juna ne amma tsarinsu ya sha bamban da na farko, a bar su su faɗi inda bambancin yake. Gero da dawa a ajiye su sai ƙarshen zango, domin furanninsu ƙanana ne ƙwarai, suna buƙatar hannun da ya riga ya saba.